Maigida ya ƙi biyan la'ada, ni na zama dillaliyar dole

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki daga wani birni a jihar Texas ta Amurka, inda muka shekara tara a gidan da muka saya da bashin banki. An yi wa maigidana sauyin wurin aiki zuwa wata jiha, saura mako goma ya kama aiki, don haka dole mu sayar da gidan. Dillalin farko da muka tuntuɓa ya ce la'ada kashi 6 cikin 100 ce. Gidan zai kai dala 400,000, wato dala 24,000 ke nan za su tafi. Maigida ya ce ko sisi ba zai bayar ba tunda akwai shafukan da ake sa talla kyauta. Ya ɗauki hotuna da wayarsa, ya sa a Zillow da Facebook a kan dala 425,000, saboda abin da ƙiyasin Zillow ya nuna masa ke nan.

Yau mako biyar. Masu kiranmu dillalai ne masu neman mu ba su aikin, sai masu cewa za su biya kuɗi hannu, waɗanda mafi tsokarsu ya taya 340,000. Iyali uku kacal suka zo da niyyar saye, babu wanda ya dawo. Shi yana wurin aiki, ni ce mai shara da goge-goge da amsa waya da buɗe wa baƙi ƙofa, ga yara uku. Ranar nan wasu maza biyu suka zo ina ni kaɗai, har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake.

Ina da aminiya mai lasisin dillanci. Ta ji haushi da ta ga tallarmu a intanet ba mu gaya mata ba, yanzu gaisuwa ma da ƙyar. Da na ce mu ba ta aikin, sai maigida ya ce so nake in kwashi guminsa in miƙa wa ƙawata. Maganar ta yi min ciwo, domin ni ma da albashina aka biya bashin nan. Yanzu ya samo wani kamfani da zai karɓi dala 400 ya sa gidan a MLS, wato rumbun tallar gidaje na dillalai, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan. Kowane wata bashi da haraji da inshora suna cin dala 2,900. Anti, waɗannan hanyoyin na kyauta da na rangwame suna da amfani kuwa, ko ɓata lokaci muke yi? Kuma yaya zan yi da shi, yaya zan yi da ita?

Ƙanwarki a Texas

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi daɗewa shi ne wurin mazan nan biyu. Za mu zo kan lissafi, amma wannan ba ya jiran lissafi: daga yau kada ki ƙara buɗe wa kowa ƙofa kina ke kaɗai. Duk mai son ganin gida a ba shi lokacin da maigida yake nan, da yamma ko ƙarshen mako, kuma ya fara turo cikakken sunansa da takardar bankin da ta nuna an amince za a ba shi bashi, ko shaidar yana da kuɗin a ajiye. Mai saye na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, dillalai ma ita suke fara yi. Fasfo, gwala-gwalai, magunguna da takardun banki a kulle su kafin kowa ya shigo.

To, maigidanki yana da gaskiya a wani wuri, kuma zai fi miki sauƙi ki fara amsa masa ita kafin ki kawo taki. Dala 24,000 ba kuɗin wasa ba ne. Babu kuma wata doka a Amurka da ta yanke cewa la'ada kashi 6 ce. Al'ada ce ta kasuwa da aka daɗe a kai har mutane suka ɗauka farilla ce. A watan Oktoban 2023 masu taya alƙali yanke hukunci a birnin Kansas na jihar Missouri sun samu ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa, NAR, da wasu manyan kamfanoni da laifin haɗa baki wajen riƙe la'ada a sama, suka yanke diyyar kusan dala biliyan 1.8. A Maris 2024 ƙungiyar ta yi sulhu a kan dala miliyan 418, kuma tun 17 ga Agustan 2024 aka daina rubuta tayin la'adar dillalin mai saye a cikin MLS, aka wajabta wa dillalin mai saye ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da mutuminsa kafin ya fara zagayawa da shi gidaje. Saboda haka mutumin da ya ce ba zai karɓi kashi 6 ido rufe ba, bai yi rowa ba. Dillalin da ya faɗa muku haka kamar hukunci ne ya saukar, farashinsa kawai ya faɗa, kuma ana tayawa.

Inda lissafinsa ya karkace shi ne ɗaukar cewa duka 24,000 ɗin ne zai tsira da su. Kuɗin nan rabi biyu ne a al'ada: rabi na dillalin mai sayarwa, rabi na dillalin da ya kawo mai saye. Kusan tara cikin goma na masu sayen gida a Amurka da dillali suke zuwa. Sabuwar ƙa'ida ba ta tilasta muku biyan wannan dillalin ba, amma mai sayen da ya tattara ɗan abin da yake da shi don kuɗin farko na bashi ba kasafai yake da rarar biyan dillalinsa daga aljihu ba, don haka sai ya sa a cikin tayinsa cewa ku ne za ku biya, ko ya rage farashin daidai da haka. Abin da ke hannunku a zahiri shi ne rabin farko, kimanin dala 12,000. Kuɗi ne har yanzu, amma a kan 12,000 ya kamata ku yi gardama, ba 24,000 ba.

Kin tambaya ko tallar kyauta tana da amfani. Tana da shi, sai dai ki san me take ba ku. Abu ɗaya take bayarwa, wato a ga gidan. Ba ta sa farashi, ba ta tace masu kira, ba ta ciniki, ba ta bin takardu har ranar sa hannu. Ko a ganin ma akwai gibi. MLS rumbu ne na bayanan gidajen sayarwa da dillalai masu lasisi na kowane yanki suke zubawa su kuma ɗiba, akwai ɗaruruwansa a faɗin ƙasar, kuma daga nan manyan shafuka suke janyo yawancin gidajen da kike gani. Realtor.com ba ya karɓar talla kai tsaye daga mai gida. Dillalan masu saye suna saita wa mutanensu saƙon da zai shigo musu da zarar sabon gida ya faɗo a rumbun. Gidanku bai taɓa shiga wannan saƙon ba. Shi ya sa masu kiranki suka zama irin waɗanda kika lissafa: akwai dillalan da sana'arsu ta kullum ita ce bin tallar masu gida suna neman aiki, akwai kuma 'yan jari masu farautar wanda ya matsu. Shafin da ya ba ku fili kyauta ma ba sadaka yake yi ba, da kuɗin tallar da dillalai ke biyansa yake rayuwa. Ki kuma riƙa leƙa Facebook da Craigslist lokaci-lokaci, domin 'yan damfara suna kwafar hotunan gidan sayarwa su sa shi a matsayin na haya su karɓi kuɗin mutane.

In kun zauna magana, wataƙila kowannenku zai zo da alƙaluman da suka goyi bayansa, don haka bari in ba ki su duka yadda suke. Rahoton NAR na 2024 ya ce kashi 6 cikin 100 kacal na gidajen da aka sayar ne masu su suka sayar da kansu, kuma matsakaicin farashinsu dala 380,000 ne, na hannun dillalai kuwa 435,000. Dillalai suna son karanto wannan, amma kada ki ɗauke shi hujja a gaban maigida, zai rusa miki ita. Ba gidaje iri ɗaya aka gwada ba. Da yawa daga masu sayarwa da kansu gidajensu ƙanana ne ko na karkara, da yawa kuma ɗan'uwa ko maƙwabci suka sayar wa. Ga kuma wani bincike da masana tattalin arziki uku suka wallafa a 2009 a kan birnin Madison na jihar Wisconsin, inda suka gwada wani shafin masu sayarwa da kansu da MLS. Ba su ga cewa MLS yana kawo farashi mafi tsada ba. Abin da suka gani shi ne gida ya fi saurin tafiya ta MLS. Wannan binciken ya fi na farko amfani a gare ku, domin ya nuna abin da ake musanyawa: mai sayarwa da kansa yana biya da lokaci. Wanda ba ya gaggawa, ko yake da mai saye a hannu, ko yake unguwar da ake rububin gidaje, tallar kyauta ta ishe shi, ya nemi lauya ya rubuta musu takarda a wuce wurin. Ku kuwa lokacin ne ba ku da shi.

Amma ni a ganina ciwon gidanku na farko ba wurin talla ba ne, farashi ne. Ke da bakinki kin ce zai kai 400,000, aka sa shi 425,000. Ƙiyasin Zillow lissafin kwamfuta ne, bai taɓa shiga kicin ɗinki ba, bai san rufinku shekararsa nawa ba. Texas kuma tana cikin jihohin da ba a bayyana farashin da aka sayar da gida a bayanan hukuma, saboda haka ainihin abin da maƙwabtanku suka karɓa yana cikin MLS ne, hannun dillalai da masu ƙiyasi. Maigida ya sa farashi ne ba tare da ya ga kasuwar ba. Akwai wata illar kuma: masu neman gida suna saita bincikensu da iyaka, wanda ya ce kada a nuna masa abin da ya haura 400,000 ba zai taɓa ganin naku ba, wanda kuma yake da 425,000 zai jera shi da gidajen da suka fi shi. Iyali uku a mako biyar, babu tayi ko ɗaya, kasuwa ta riga ta ba ku amsa. Ko da kun ba aminiyarki aikin gobe, in farashin bai motsa ba, haka za ta zauna tana kallon waya. Ku ɗauko mai ƙiyasin gidaje mai lasisi, wanda ba shi da kaso a cinikin, ku biya shi 'yan ɗaruruwan daloli ya rubuta muku daraja. Amfaninsa biyu ne. Zai ba ku lamba, kuma lambar ba daga bakinki ta fito ba balle a ce ƙawarki ce ta sa ki. Bankin mai saye ma zai turo nasa mai ƙiyasin daga baya, in farashi ya haura abin da ya rubuta, bashin ba zai cika ba, ciniki ya dawo baya.

Kamfanin dala 400 da ya samo ba shirme ba ne, kuma kada ki yi masa dariya, domin matakin da ya ɗauka ya nuna ya fara gane tallar kyauta ba ta kai ku ba. Irin waɗannan dillalai ne masu lasisi da ke karɓar kuɗi ƙayyadadde su shigar da gida MLS, sauran aiki kuma na mai gida ne. A cikin duk hanyoyin rangwame wannan ce na fi ganin kuɗinta ya halatta, saboda ƙofar da ba za ku iya buɗewa da kanku ba ita suke buɗewa. Sai dai ku karanta takardar tare, layi-layi. Wasu suna tallar ɗari huɗu, a can ƙasa kuma akwai wani kaso da za a cire ranar kammala ciniki. Ku duba hotuna nawa aka yarda a sa, ko ana biyan kuɗi duk lokacin da za a canza farashi, lambar wayar wa za ta fito a tallar, kuma MLS ɗin na yankinku ne ko na wani gari mai nisa. Abin da ya fi duka muhimmanci a halinku shi ne sharaɗin fita: za ku iya soke yarjejeniyar duk ranar da kuka so, ba tare da tara ba? Ba a sa gida ɗaya a rumbu ɗaya ta hannun dillalai biyu, in suka ɗaure ku wata shida kun shiga uku. Dokar Texas ta wajabta wa dillalin da ke wakiltarku ya isar muku da duk tayin da ya shigo ya kuma amsa tambayoyinku, ko nawa kuka biya shi, amma kada ki sa ran zai zauna ya yi muku ja-in-ja da dillalin mai saye a kan gyaran rufi.

Tsakanin wannan da cikakken dillali akwai masu rangwamen kaso. Redfin, alal misali, ya yi suna da karɓar kimanin kashi 1.5 daga mai sayarwa, akwai kuma ƙananan kamfanoni da dillalai masu zaman kansu da ke yin kusan haka. A gidanku dala 6,000 ke nan maimakon 12,000, kuma su za su sa farashi, su ɗauki hoto, su yi ciniki. Inda rangwamen yake fitowa shi ne yawan gidajen da mutum ɗaya yake riƙewa, don haka tambayar da za ku yi ita ce wa zai ɗaga waya ranar Asabar da dare in tayi ya shigo, kuma gidaje nawa ke hannunsa yanzu. Masu kuɗi hannu kuwa, ki riƙe lambar wanda ya taya 340,000 a matsayin ƙasan rijiya, ki san ba za ku faɗa ƙasa da nan ba, amma kada ku sallama. Dala 60,000 zai ci don ya rage muku jiran wata biyu. Ko manyan kamfanonin da ke wannan sana'a sai an yi hattara da lissafinsu: a 2022 hukumar cinikayya ta tarayya, FTC, ta sa Opendoor biyan dala miliyan 62 bisa zargin ya nuna wa masu gida za su fi samu a hannunsa alhali yawancinsu ƙasa suka samu.

Yanzu ɗauko takarda, wannan lissafin shi za ki kai wa maigida. In mai saye da bashin banki ya zo, daga ranar da aka ƙulla ciniki zuwa ranar karɓar kuɗi akan ɗauki kwana 30 zuwa 45. Cire mako shida daga mako goma, saura huɗu. Mako huɗu kuke da shi ku samu mai saye in kuna son ku bar garin babu gida a wuyanku. Duk watan da ya ƙaru bayan haka dala 2,900 ne, ga hayar inda za ku koma. Wata biyu 5,800. Gidan da ya daɗe a kasuwa kuma kowa yana ganin kwanakinsa da tarihin farashinsa a shafi, masu tayi sai su fara tambayar me ke damunsa. In hakan ya sa kuka rage kashi 2 kacal, 8,000 ne. Haɗa su, 13,800, sun riga sun cinye 12,000 ɗin da ake faɗa a kansu. A ɗaya gefen, in hanyar ɗari huɗu ta yi aiki cikin mako biyu, ko kun haɗa da mai hoto da mai ƙiyasi da lauya, abin da za ku kashe ba zai wuce 'yan dubbai kaɗan ba, ku tsira da mafi yawan kuɗin. Duka biyun suna iya faruwa, shi ya sa ba zan ce miki ya yi kuskure ba, ba kuma zan ce a bar shi ya yi ta gwaji har ranar tafiya ba.

Ga abin da zan yi da ni ce. A wannan makon a kira mai ƙiyasi, a kira ƙwararren mai hoton gidaje, a sauke tallar da ke nan da hotunan waya. A rage kaya a ɗakuna, tunda dama tattarawa za ku yi. A shiga MLS ta kamfanin da ya samo, in takardarsu ta ba da damar fita, a kan farashin da mai ƙiyasi ya rubuta ko ɗan ƙasa da shi, kuma ku yanke tun yanzu nawa za ku yarda ku ba dillalin mai saye in an nema. A nemi lauyan harkar gidaje da zai duba duk tayi kafin ku sa hannu. Hukumar dillancin gidaje ta Texas, TREC, tana da takardun ciniki da kowa ke amfani da su, amma cike su yana da tarko, musamman kwanakin da mai saye ke da ikon fasawa. Kafin alƙalami kuma kamfanin tantance takardun mallaka ne zai riƙe, kada ya shiga asusunku. Sannan ku sa wa gwajin wa'adi, kwana 14, ku rubuta ranar a takarda ku manna a firij. In ranar ta zo babu rubutaccen tayi daga mai takardar banki, washegari gidan ya koma hannun dillali mai cikakken aiki, babu sabuwar muhawara. A cikin kwanakin nan 14, shi ne mai amsa waya da saƙonni, lambarsa za a sa. Wanda ya zaɓi a yi aikin dillali a gida, shi ya kamata ya ɗanɗana aikin. Ba don ramuwa na faɗa ba. Har yanzu yana ganin hanyar kyauta ce saboda wahalarta a kanki take sauka, shi bai gan ta ba.

In kuma kin ji a jikinki ba za ki iya ƙarin mako biyu ba, wannan ma dalili ne cikakke, ki faɗa masa haka, ku tafi kai tsaye wurin mai kashi 1.5 ko ku taya cikakken dillali. Gajiyarki tana cikin lissafi.

Aminiyarki kuwa, ina ganin ba rashin la'adar ne ya fi ƙona mata rai ba. A intanet ta ga gidan ƙawarta, kamar kowane baƙo, a fannin da ta fi kowa sani a cikinku. Ki je ki same ta, ba ta saƙon waya ba, ki ce kin yi kuskure da ba ki gaya mata ba, ki tsaya nan, kada ki jingina laifin ga mijinki ko ki kwashe abin da ya faɗa ki kai mata. Ba ta da hakkin a ba ta aikin don tana ƙawarki, kuma tsoron maigida ba na banza ba ne duk da ya faɗe shi da mugun harshe: dillalin da ba za ka iya sallama ba in ya gaza, haɗari ne ga kuɗi da zumunci duka. In wa'adin ya cika, ku kira dillalai uku, ita ɗaya daga ciki, kowa ya kawo gidajen da aka sayar a unguwarku cikin watannin nan, ya faɗi nawa ya sayar da hannunsa a bara, nawa zai karɓa, kuma ya yarda da yarjejeniyar kwana 60 ko 90 mai ƙofar fita. In ta fi su, maigida zai gani da idonsa. Ki kuma sani kowane dillali, ƙawa ko bare, ya fi son ciniki ya faɗa da wuri: ƙarin dala 10,000 a farashi ku kusan duka za ku ɗauka, shi 300 ne nasa kafin ya raba da kamfaninsa. Masana tattalin arziki Steven Levitt da Chad Syverson sun bincika gidajen yankin Chicago suka ga dillalai in nasu gidan suke sayarwa sukan ƙara kusan kwana goma a kasuwa, su samu sama da kashi 3 fiye da na mutanen da suke yi wa aiki. In ba ita aka zaɓa ba, akwai wata hanyar da za ta amfana ba tare da kun ƙara ko sisi ba. Za ku nemi gida a jihar da za ku koma. In ita ta haɗa ku da dillalin can, akan ba ta kaso daga la'adarsa. Kuma kada ki nemi ta yi ta ba ku shawara kyauta a bayan fage alhali wani kamfani ne a kan takarda, wannan cin amanar sana'arta ne.

Abu biyu na doka da masu sayarwa da kansu suke yawan tuntuɓe a kai, tunda babu dillalin da zai ja musu kunne. Texas ta wajabta wa mai sayar da gida cike takardar bayyana aibin da ya sani, kuma tun 2019, bayan ambaliyar guguwar Harvey ta 2017, aka faɗaɗa tambayoyin da suka shafi ruwa. In rufi ya taɓa yoyo ko ruwa ya taɓa shiga gareji, a rubuta, ko an gyara. In an gina gidan kafin 1978 akwai takardar bayyana fentin dalma, wadda dokar tarayya ce. Ɓoye aibi a ciniki kin san matsayinsa a wurinmu tun kafin a zo maganar kotu. Na biyu, kada a rubuta a talla cewa an fi son Musulmi, ko 'yan Afirka, ko marasa yara. Na sha ganin mutanenmu sun rubuta haka da zuciya ɗaya, amma dokar adalcin gidaje ta 1968 ta hana talla mai nuna fifiko ta addini, launi, asali, jinsi, naƙasa ko iyali, kuma hanin ya hau kan mai gida kamar yadda ya hau kan dillali. Ranar biyan kuɗi kuma, duk imel ɗin da ya zo da sabuwar lambar asusu, a kira kamfanin takardun ta lambar da kuka sani tun farko kafin a motsa.

Saura maganar da ta yi miki ciwo. A Texas ba a sayar da gidan da ma'aurata ke zaune ciki sai da sa hannun su biyun, ko da sunan mutum ɗaya ne a takarda. Ban faɗa miki don ki ɗaga masa shi kamar sanda ba, na faɗa ne don ki daina jin kamar roƙo kike a kan kayan wani. Mutumin da zai bar aikin da ya saba, ya kwashi iyali zuwa inda bai sani ba, yana kallon kuɗin gidan nan a matsayin abin da zai tsaya a kai a can, kuma mako biyar na shiru sun taɓa masa girman kai, ko bai faɗa ba. Kada ki haɗa maganar biyu a zama ɗaya. Ki fara da takardar lissafi, bayan yara sun kwanta, ki buɗe da cewa ya yi daidai da ya ƙi kashi 6, kuma kin yarda a gwada kamfanin da ya samo, ga sharuɗɗanki: mai ƙiyasi, lambar wayarsa, kwana 14. Mutum ya fi saurin sauka in an bar masa tsani. Wata rana daban, in an samu natsuwa, ki ce masa, "Baban yara, maganar da ka yi cewa zan kwashi guminka ta tsaya min a rai, shekara tara albashina yana shiga gidan nan." Ki faɗa sau ɗaya, ki yi shiru ki bar shi ya amsa. Ki kuma ba shi labarin mazan nan biyu dalla-dalla, yadda kika ba ni, domin ina zargin a gurguje kika faɗa masa ko ma ba ki faɗa ba.

Gobe da safe ki kira mai ƙiyasi, domin sukan ɗauki kwanaki kafin su zo su kuma rubuta rahoto, kuma mako huɗun nan sun fara ƙirguwa. Allah Ya kawo mai saye na alheri, Ya sa ku tashi lafiya. Ki rubuto min ranar da wa'adin ya cika in ji inda aka kwana.

Antinki